Agogon hannunka canki-canka yake yi

1/ Jama'a, na gaji da masu ɗora hoton agogon hannu wai "yau na ƙona kalori 900", sannan su zauna su rama da tuwo malmala uku. Wallahi lambar nan ba awo ba ce.

2/ Awo na gaskiya, ɗaki ake sa mutum a rufe ruf, ya wuni ya kwana a ciki. Na'ura tana auna oksijin da jikinsa ya ci da kabon dayoksaid da ya fitar. Lita ɗaya ta oksijin, kusan kalori 5 ke nan.

3/ Tun shekarun 1890 Atwater ya gina irin ɗakin nan a jami'ar Wesleyan ta Amurka. Agogonka fa? Bugun zuciya da lilon hannu kawai yake gani, sauran duk hasashe.

4/ A 2017 masu bincike a Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7. Wadda ta fi dama ta kuskure da kashi 27 cikin 100, ta ƙarshe kuwa 93.

5/ Ni ma na ruɗu. Wata shida ina ci da lissafin agogo, tumbi ko gezau. Mai ciwon suga, don Allah kar ka bar agogo ya yanka maka abinci, likitanka ya yanka.