Dagwalon Majemu Da Makomar Kifin Kogunan Kano

Sana'ar jima na daga cikin tsofaffin hanyoyin arzikin Arewacin Nijeriya. Tun zamanin fataken Sahara fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna a kasuwannin Turai. A da, da bagaruwa majema ke aikinsu, amma manyan majemu na zamani da ke unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano sun dogara ne kan gishirin kuromiyam, saboda yana gama jima cikin ƙanƙanin lokaci kuma yana ba da fata mai laushi da jure zafi. Abin da ya kamata 'yan kasuwa su tambayi kansu shi ne: ina sauran wannan sinadari ke tafiya bayan an kammala aiki?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. A jima ta yau da kullum, fata tana shan kimanin kashi biyu cikin uku na kuromiyam ɗin da aka zuba, ragowar kuma ya bi ruwa. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuma yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su nufi Wudil da Haɗeja, har dausayin Haɗeja da Nguru inda masunta da manoma ke neman abinci.

Kuromiyam iri biyu ne ya shafi wannan magana. Wanda ake jima da shi, mai lamba uku, yakan kwanta a laka, yana kuma lalata gaɓar da kifi ke numfashi da ita. Mai lamba shida ya fi haɗari, domin yana narkewa sosai a ruwa, yana kutsawa cikin ƙwayoyin halitta cikin sauƙi, kuma na farkon yana iya rikiɗa ya koma shi a wasu yanayi. Ƙananan ƙwarin ruwa, waɗanda 'ya'yan karfasa da tarwaɗa ke ci, sun fi manyan kifaye saurin mutuwa. Don haka kogi yana iya talaucewa ba tare da an ga mataccen kifi ko ɗaya yana yawo a sama ba. Bugu da ƙari, dagwalon yana ɗauke da sinadarin salfaid na cire gashi, da gishiri, da tarkacen nama masu ruɓewa suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa.

Ba rashin doka ba ne matsalarmu. Bayan da aka gano sharar guba da aka jibge a Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekara. A 2007 aka kafa NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majemu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 0.05 na kuromiyam a kowace lita ta ruwan sha. Abin da ya rage shi ne aiki da abin da aka rubuta.

Masu masana'antu kan ce kuɗin tace dagwalo zai durƙusar da su, ga tsadar wutar lantarki da man dizil. Wannan kuka yana da tushe, amma lissafin bai cika ba. Kuromiyam daga ƙasashen waje ake sayo shi da kuɗin musaya, saboda haka duk wanda ya zubar da sulusinsa a kwata, dalolinsa ya zubar. Akwai sananniyar hanya ta mai da shi: a ware ruwan jima daban, a zuba masa sinadarin magnesiya kuromiyam ya kwanta, a narkar da shi da asid a sake jima da shi. Kazalika, tun daga 2015 Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan kuromiyam mai lamba shida ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Manyan masu saye kuma suna bincikar yadda majema ke yi da dagwalonta kafin su ƙulla ciniki.

A ganinmu abubuwa uku sun wajaba. Na farko, kowace babbar majema ta kafa na'urar mai da kuromiyam, bankunan raya masana'antu kuma su ba da rance mai sauƙin ruwa don haka. Na biyu, ƙananan majemu su haɗa kai kan matatar dagwalo guda a kowace unguwar masana'antu, kowa ya biya gwargwadon ruwan da ya fitar. Na uku, kada hukuma ta tsaya kan awon sinadari kaɗai. A riƙa sanya kifi cikin samfurin dagwalon na awa 96, ƙwarin ruwa kuma na awa 48, kamar yadda ake yi a ɗakunan gwaji na duniya, a buga sakamakon kowa ya gani. Jami'ar Bayero da cibiyar kimiyyar fata ta Zariya suna da masana da za su iya wannan aiki.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Masuncin Wudil ba shi da hannun jari a majemar Challawa, bai kamata ya zama shi ke biyan kuɗin aikinta ba.