A Rubuta Sunayen 'Yan Mazan Jiya

A tsakiyar birnin New Delhi na ƙasar Indiya akwai wata doguwar ƙofar dutse da ake kira India Gate, wadda aka buɗe a 1931 domin tunawa da sojojin Indiya fiye da 70,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An sassaƙa sunaye fiye da 13,000 a jikinta. A 2019 kuma suka buɗe wani sabon dandali kusa da ita, mai ɗauke da sunaye fiye da 25,000 na waɗanda suka kwanta dama tun bayan samun 'yancinsu.

Wannan labari ya shafe mu, domin ta Indiya kakanninmu suka bi zuwa yaƙin Burma, cikin Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, daga 1943 zuwa 1945. Yawancin sojojin Nijeriya a lokacin 'yan Arewa ne. Yau muna da barikin Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, duk sunaye daga wancan yaƙin. Sunan fagen fama ya tsira, amma ina sunan mutumin da ya faɗi a can? A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba.

Kowace 15 ga Janairu manya suna ajiye furanni a Abuja a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba. Madalla. Amma gwauruwar da ke Tambuwal ta san sunan mijinta. Haka ma iyalan sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da 'yan bindiga suka kashe a dazuzzukan Kebbe da iyakar Zamfara.

Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da sunaye ba. A 2 Sama'ila sura 23 an jera jarumawan Dawuda ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu kuwa Uriya Bahitte ne, baƙo, wanda sarkin da kansa ya zalunta.

Wani zai ce marayu abinci suke bukata, dutse ba ya ƙosar da kowa. Gaskiya ne, kuma ba hasumiya muke roƙo ba. Amma wanda ba a rubuta sunansa ba, wa zai nemi 'ya'yansa? Wa zai bi wa matarsa haƙƙinta a ofishin fansho?

Saboda haka muna kira ga ikkilisiyoyin Tambuwal da Kebbe: kowace majami'a ta sayi littafi guda. Matasa su zauna da dattawa tun suna da rai, su rubuta sunan mamaci, da garinsu, da shekara, da waɗanda ya bari. A rubuta Kirista da Musulmi tare, gama harsashi bai tambaye su addini ba. A karanta sunayen ranar Lahadi mafi kusa da 15 ga Janairu, Zumuntar Mata kuma ta kai baikon ranar ga gwauraye da marayu, kamar yadda Yakubu 1:27 ta koya mana.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tunawa. Amin.