Sharhi: Jarin da Ɗakunan Binciken Lantarki Ke Jira Daga 'Yan Kasuwa

A watan Fabrairun 2022 kamfanin AMD na ƙasar Amurka ya kammala sayen kamfanin Xilinx a kan kuɗi kimanin dala miliyan dubu 49. Kafin wannan, a shekarar 2015, kamfanin Intel ya biya dala miliyan dubu 16.7 ya mallaki Altera. Hajar da ta jawo wannan ciniki wata 'yar ƙwayar lantarki ce da injiniyoyi ke kira FPGA, kuma ya kamata 'yan kasuwar ƙasar nan su san dalilin da ya sa ta yi irin wannan daraja.

Ƙwayar lantarki ta yau da kullum, irin wadda ke cikin rediyo ko wayar hannu, tana fitowa ne daga masana'anta da aikinta a ƙayyade, ba ta sauyuwa har ta lalace. Ita kuwa FPGA, wadda Xilinx ya fara sayarwa a 1985, tana zuwa ne tamkar allon da ba a yi wa rubutu ba. Injiniya zai tsara mata yadda sassanta za su haɗu da juna, in bukata ta canza ya wanke ya sake tsarawa, ba tare da an koma masana'anta ba. Ma'anar wannan ta fuskar tattalin arziki a fili take. Gina masana'antar ƙwayoyin lantarki ta zamani yakan ci fiye da dala miliyan dubu 10, alhali allon gwaji mai ɗauke da FPGA bai wuce 'yan ɗaruruwan dala ba. Ke nan babban jarin da ake bukata shi ne ilmin tsarawa, kuma ana koyar da shi a sassan injiniyan lantarki na jami'o'in Nijeriya.

Fanni na biyu da masu bincike suka duƙufa a kai shi ne na ƙananan na'urorin awo da ake warwatsawa a gona ko a gefen bututun mai, suna auna danshi ko zafi ko ƙarfin matsi, suna aika sakamakon ta iska. Matsalarsu ita ce batir, domin aika saƙo ya fi kowane aiki cinye wuta. A shekarar 2000 Wendi Heinzelman da abokan aikinta a cibiyar fasaha ta MIT suka fito da dabarar da suka sa wa suna LEACH. Na'urorin sukan kasu rukuni-rukuni, ɗaya ta tattara saƙon sauran ta aika, sa'an nan a riƙa karɓa-karɓar wannan ɗawainiya domin kada batir ɗin guda ya riga na sauran mutuwa. Fataken da ke haɗa kayansu a mota ɗaya, suna rakiyarta bi da bi, ba za su ga baƙon abu a nan ba. Mai rumbun hatsi, da mai gonar rani, da mai ɗakin sanyi na kifi a Legas duk suna yin asarar da irin waɗannan na'urori za su iya ragewa.

Na uku shi ne sarrafa alamomin da jikin ɗan Adam ke fitarwa. A 1985 Jiapu Pan da Willis Tompkins na Jami'ar Wisconsin suka wallafa hanyar da kwamfuta za ta gane kowane bugun zuciya daga cikin hayaniyar lantarki, kuma har yanzu ɗalibai na koyon ta. Zuwa 2018 kamfanin Apple ya sanya awon zuciya a agogon hannu. Abin da ya fara a matsayin takardar bincike ya zama haja a kanti, amma sai da aka sami masu kuɗin da suka jure jira.

A nan ne gizo ke saƙar. Kamfanonin ƙasar nan sun shafe shekaru suna biyan harajin ilmi da ya riƙa shiga asusun TETFund, wanda ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari a 2011 ya kai kashi 3 a 2023. Sai dai biyan haraji daban, sanin abin da ake yi a ɗakin bincike daban. Sau da yawa ɗalibi yakan ƙera na'ura, a ba shi digiri, na'urar ta ƙare a kan kanta tana shan ƙura, yayin da ɗan kasuwa ke neman dala domin shigo da makamanciyarta daga Sin.

Babu shakka masu ɗari-ɗari suna da hujja. Ita kanta ƙwayar FPGA shigo da ita ake yi, faɗuwar darajar naira na ƙara mata tsada, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma na'urar asibiti ba ta shiga kasuwa sai hukumar NAFDAC ta yi mata rajista, abin da ke cin lokaci da kuɗi. Bugu da ƙari, babu wanda zai iya gogayya da masana'antun Sin wajen arahar kayan da ake bugawa miliyoyi. Amma kasuwar da ta dace da injiniyan gida ita ce wadda manyan kamfanoni ba su kula da ita ba: na'urar da za ta jure ƙurar hunturu da zafin bazara, ta yi aiki da hasken rana, kuma in ta sami matsala a gyara ta a Ikeja ko Kano maimakon a jira watanni.

Don haka abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu su yi ba mai wuya ba ne. Su kai wa sassan injiniya matsala guda takamaimai, su biya kuɗin allunan gwaji da alawus na ɗalibai biyu ko uku, su kuma rubuta yarjejeniya tun farko a kan wanda zai mallaki zanen da yadda za a raba riba. Su ma malaman jami'a wajibi ne su koyi faɗin farashi da wa'adi, domin ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a aikin da ba shi da ranar gamawa. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma kuɗin da ake bukata domin wannan mataki na farko bai kai na kwantena guda ta kayan lantarki ba.