Tallafin N25,000: Bashi na kowa, kuɗi na masu lambar NIN

A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince ya ranta wa Najeriya dala miliyan 800 domin faɗaɗa shirin raba wa talakawa kuɗi. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, gwamnatin Tinubu ta jingina da wannan rance, ta yi wa magidanta miliyan 15 alƙawarin naira 25,000 duk wata, har wata uku.

Ba a je ko'ina ba aka dakatar da shirin a Janairun 2024, bayan zargin karkatar da kuɗi a ma'aikatar jin ƙai. Da aka dawo da shi, sai aka gindaya sharaɗin tantancewa da lambar NIN ko BVN domin toshe kafar sunayen bogi.

A nan gizo ke saƙar. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta NBS na 2022 sun nuna mutum miliyan 133 ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari a Arewa. Akasarinsu mazauna karkara ne, inda banki da cibiyar rajista ke da nisa, wani wurin ma 'yan bindiga sun tare hanya. Bazawarar ƙauyen Sakkwato da aka ciwo bashin da sunanta ita ce tantancewar ta fi saurin zubarwa, alhali da dukiyar ƙasa, wadda take da haƙƙi a ciki, za a biya shi.