Su Wa Suka Buɗe wa Hitila Ƙofa?

Tsofaffin da suka riski Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar nan sukan kira shi Yaƙin Hitila, domin a sanadinsa aka kwashi dubban samarin Arewa aka kai su Habasha da Bama, waɗansu ba su komo ba. Galibin masu ambaton sunan mutumin suna zaton da bakin bindiga ya ƙwace mulkin Jamus. Alhali kuwa ranar da ya gwada bindiga kāsawa ya yi. Mulkin miƙa masa aka yi, kuma manyan ƙasa ne suka miƙa.

Jamus ta fito daga Yaƙin Duniya na Farko a karye. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora mata biyan diyya mai nauyi, ta rage sojanta zuwa 100,000, ta raba ta da ƙasashen da take mallaka, har da Togo da Kamaru. A 1923 kuɗin ƙasar ya lalace, har a watan Nuwamba sai an ba da mak sama da tiriliyan 4 kafin a sami dalar Amurka guda. A wannan watan ne Adolf Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a birnin Munich. 'Yan sanda suka tarwatsa mutanensa, kotu ta ɗaure shi shekara 5, amma a ƙarshen 1924 aka sake shi. Tun daga nan ya ƙudura cewa ta akwatin zaɓe zai bi.

Muddin jama'a na samun abin sawa a baka, ba su kula shi ba. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta Nazi kujera 12 kacal ta samu. Sai kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, aka janye rancen da Jamus ta dogara da shi, masana'antu suka rufe, marasa aiki suka kai miliyan 6 a farkon 1932. Bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Hitila ya yi ta yawo yana ɗora laifin wahalar a kan Yahudawa da 'yan gurguzu da waɗanda suka sa hannu a Versailles. Kujerunsa suka tashi zuwa 107 a 1930, suka kai 230 a watan Yuli na 1932, watau kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Wannan shi ne iyakar abin da Hitila ya taɓa samu a zaɓe na gaskiya. A wannan shekarar tsohon soja Hindenburg ya kayar da shi a takarar shugaban ƙasa, kuma a zaɓen Nuwamba jam'iyyarsa ta yi asarar ƙuri'u kusan miliyan 2, kujerunta suka koma 196. Tauraronsa ya fara dusashewa, aljihun jam'iyyar ya fara bushewa.

Abin da ya cece shi shi ne gabar da ke tsakanin manya. Tun 1930 shugabannin gwamnati suka saba da tsallake majalisa, suna mulki da dokokin ta-ɓaci bisa sashe na 48 na tsarin mulki. Franz von Papen, wanda aka ture daga shugabancin gwamnati, yana neman ramuwa a kan magajinsa Janar Schleicher. Ran 4 ga Janairu, 1933, ya sadu da Hitila a asirce a gidan wani mai banki a birnin Kolon. Daga baya ya rinjayi Hindenburg, dattijo mai shekara 85, ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ran 30 ga wannan wata. A majalisar ministocin 'yan Nazi uku ne kawai har da Hitila, Papen kuma mataimaki. Ya ɗauka shi ne gardi, ya sa wa kura takunkumi.

Kura ba ta yi jinkiri ba. Ran 27 ga Fabrairu ginin majalisa ya kama wuta. Kashegari aka fitar da dokar ta-ɓaci wadda ta dakatar da 'yancin magana da na taro da na jarida, aka shiga kamun 'yan adawa. Duk da haka a zaɓen 5 ga Maris kashi 44 kawai ya samu. Ran 23 ga Maris majalisa da kanta ta ba shi ikon yin doka ba tare da ita ba, da ƙuri'a 444, sai wakilai 94 na jam'iyyar SPD su kaɗai suka ƙi. A watan Yuli aka haramta duk sauran jam'iyyu. A ƙarshen Yunin 1934 aka harbe Schleicher a gidansa, aka kashe na hannun daman Papen, shi kansa aka tsare shi. Da Hindenburg ya mutu a watan Agusta, Hitila ya haɗa muƙaman biyu a hannunsa. Abin da ya biyo baya shi ne kisan Yahudawa miliyan 6 da yaƙin da ya ci rayukan miliyoyi barkatai.

Ba wani shugaba a wannan yanki da za a gwada ta'asarsa da ta Hitila, amma hanyar ba baƙuwa ba ce. A watan Afrilu na 1998 jam'iyyu biyar suka tsai da Janar Sani Abacha ɗan takara tilo, kuma 'yan siyasa farar hula ne suka yi wannan aiki. A 2009 Shugaba Tandja Mamadou na Nijar, wanda jama'a suka zaɓa har sau biyu, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki domin neman tazarce, bayan kotun ta ƙi ba shi hanya. Soja suka tuɓe shi a Fabrairun 2010.

Irin shawarar da Papen ya yanke ba a dandalin taro ake yanke ta ba. A falon attajiri ake yanke ta bayan isha'i, a gidaje masu dogayen katangu irin na GRA ta Gombe ko Nasarawa ta Kano, inda babba kan ɗauko wanda yake zaton zai juya don ya rama wa abokin gabarsa. Saboda haka wajibi ne talaka ya sa ido a kan abubuwa uku: wanda manya suka ɗauko da dalilinsu, dokar ta-ɓacin da aka ce ta 'yan kwanaki ce, da ranar da za a nemi wakilinsa ya miƙa ikon majalisa ga mutum guda. Jamusawa sun miƙa wannan iko cikin yini ɗaya a 1933, ba a kuwa iya karɓe shi ba sai a 1945, bayan biranensu sun zama kufai.