Kwamfuta a Ajin Firamare: A Hannun Wa Ya Kamata Ta Fara Sauka?

Sanin kowa ne cewa kwamfuta da intanet sun shiga kasuwa da asibiti da ofis, har sun ƙwanƙwasa ƙofar makarantar firamare. Iyaye da dama a yau suna auna darajar makaranta da yawan na'urorin da suka gani a ɗakin karatu. Amma kafin a zuba kuɗin jama'a, ya dace a dubi abin da ya sami ƙasashen da suka riga suka bi wannan hanya.

A shekarar 2005 Nicholas Negroponte, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka yi fatan ba za ta wuce dala 100 ba. Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fara gwada shirin, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin sosai, ta raba wa ɗalibanta dubban ɗaruruwan kwamfutoci. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantu 319 na ƙauyukan Peru, bayan wata 15 da raba na'urorin. Yara sun iya sarrafa kwamfuta ƙwarai, amma makinsu a lissafi da karatu bai ɗara na takwarorinsu da ba a ba su ba. Dalili a fili yake: an kai na'ura, an bar malami da darasinsa yadda suke.

Kenya ta bi wata hanya daban. A 2013, a yankin Kisumu, aka gwada hanyoyi uku: a wasu makarantu aka bai wa ɗalibai na'urar karatu, a wasu aka bai wa malamai kwamfutar hannu, a wasu kuma aka bai wa jami'an da ke zagayawa suna horar da malamai. A duk makarantun an samar da littattafai, an kuma horar da malamai. Karatun yara ya inganta a dukkan ukun, ba tare da wata babbar tazara ba, alhali kuwa kuɗin raba wa kowane ɗalibi na'ura ya ninka na sauran. Saboda haka da aka faɗaɗa shirin koyar da karatu zuwa ƙasa baki ɗaya a 2015, sai aka zaɓi hanya ta uku.

Ilimin halittu ma yana da ta cewa a nan. Yaro ɗan shekara shida zuwa goma sha biyu yana koyo ne da hannu da ido da kunne da hanci gaba ɗaya. Ɗalibin da ya shuka wake a gwangwani, ya zuba masa ruwa kullum, ya ga saiwa ta riga ganye fitowa, ya kuma ga tsiron ya karkata zuwa taga yana neman haske, ya fahimci tsirowar iri fiye da wanda ya kalli hoton a minti biyu. Haka wanda ya ɗebo talibambam daga kududdufi da damina, ya zuba ido har ƙafafu suka fito, wutsiya ta shanye. Ido kansa yana buƙatar fita waje. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya nuna cewa ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a fili kowace ranar makaranta ya rage yawan masu kamuwa da lalurar kasa ganin abin da ke nesa daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa kashi 30 a tsawon shekara uku.

Duk da haka, kuskure ne babba a rufe wa na'ura ƙofa. Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma akwai abubuwan da malami ba zai iya kawo su aji ba. Ba zai iya nuna bugun zuciya a cikin ƙirji ba, ko yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke shiga ƙwayoyin jini, ko yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya a lokacin husufi. Gajeren fim da malami ya sauko da shi daga intanet, ya haska wa aji da majigi, ya tsayar da shi ya yi tambaya, yana iya warware abin da allo da alli suka kasa. A nan na'ura ɗaya ta wadatar da yara sittin, kuma ƙaramin faifan hasken rana ya isa ya ba ta wuta inda babu lantarki.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilimi su bi abin daki-daki. Na farko, malami ne ya dace ya fara mallakar na'ura, tare da horo kan yadda zai tace abin da ya samo, domin intanet kasuwa ce, akwai tsaba akwai tsakuwa. Na biyu, a tanadi darussa cikin harshen da yaro ke ji, domin fim ɗin Turanci ba ya amfanar ɗan aji biyu da bai gama haɗa baƙi da wasali ba. Na uku, a ware kuɗin gyara da na wuta tun ranar saye, don kada na'urori su ƙare a sito ƙura ta rufe su. Na huɗu, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da intanet ba mai sa ido.

Ɗaliban sakandare da ke karanta wannan mujalla, waɗansunsu ne malaman firamare na gobe. Ya kamata su koyi sarrafa kwamfuta tun yanzu, su kuma riƙe ma'auni guda: abin da yaro zai iya taɓawa a harabar makaranta, a kai shi ya taɓa, abin da hannu da ido ba za su kai gare shi ba, a nemo masa shi a na'ura.