Taimin Cen Ba Abin Koyon Hannu Ba Ne

Ɗan uwa mai Boxer, musamman mu 'yan Yawuri da ke kabu-kabu lokacin hutu don haɗa kuɗin makaranta: in inji ya fara ƙarar sarƙa, kai wa bakanike kawai. Na san aljihu, na kuma san YouTube. Amma taimin cen ba cen ɗin taya ba ne. Shi ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin. Ka ɗaura shi a goce, fistin ya daki bawul, gyaran rabin yini ya koma sauke inji, kasuwar Yelwa tana ci kana zaune. Sayo kayan da kanka, ka tsaya a kansa ya saita alamar T, ya duba tenshona. Tsohon cen ɗin kuma a miƙo maka.